Yadda Ake Gano Maharbi Kafin Ya Iso: Aiki da Sikanar Jirgi a EVE Online

Yawancin jiragen da ake fasawa a EVE Online, masu su sun samu gargaɗi kafin a taɓa su. Wani bai duba ba. Wani ya duba bai gane abin da ya gani ba. Wani kuma ya gane sarai, amma jirginsa na tsaye cik, kafin ya juya hanci an riga an ɗaure shi. Wasan nan na jiragen sararin samaniya da ake yi a intanet, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aisland ya fitar a 2003 ba ya mayar da abin da aka fasa. Inshora za ta biya wani abu daga kuɗin gangar jirgin, kayan da ka ɗaura masa kuwa wasu su ƙone, sauran su zama ganimar wanda ya harbe ka. Shi ya sa ake koyon sikana tun kafin a koyi harbi.

Da yake rubutun cikin wasan ba da Hausa yake ba, sunayen tagogi da jirage za su zo a nan yadda suke a kan allo. Sauran kalmomin kuwa ga yadda za mu kira su. Tafiyar nan mai tsananin sauri daga wuri zuwa wuri a cikin sistem, wato rana ɗaya da duniyoyin da ke kewaye da ita, ita ce waf. Na'urar da ke ɓoye jirgi, layar zana. Wadda ke hana jirgi shiga waf, dabaibayi. Ƙananan na'urorin da ake harbawa su nemo inda abu yake, 'yan aike.

Tagogin da ba a rufewa

Taga ta farko ita ce Local, jerin sunayen duk wanda ke cikin sistem ɗin da kake. Ka cire ta daga cikin sauran tagogin hira, ka miƙar da ita dogo a gefen allo, ka sa ta nuna sunaye a taƙaice ba tare da hotuna ba, don sunaye da yawa su samu wuri. Ta biyu Overview, wadda ke nuna abin da ke fili ɗaya da kai. Ta uku ita ce sikanar shiyya, wadda kowa ke kira D-scan, ana buɗe ta da Alt da D. Ta huɗu tagar 'yan aike, Alt da P.

Kowacce da abin da take faɗa. Local na gaya maka wa ya shigo, ba ta gaya maka jirgin da yake ciki ko inda ya nufa. D-scan na gaya maka irin jirgin da ke kusa, ba ta faɗin wa ke tuƙa shi. Overview na faɗin duka biyun, sai dai duk wanda ya bayyana a kanta ya riga ya iso. Aikinka shi ne haɗa ta farko da ta uku a kanka, don kada ta biyu ta zo maka da labarin da ba ka shirya masa ba.

D-scan kyauta ce, kowane jirgi na da ita har da kwalbar tsira da ake kira Capsule. Ba ta buƙatar wata fasaha da za a horar, ba ta cin gurbi a jikin jirgi, kuma wanda ka sikana ba ya sanin an sikana shi. Tana aiki kana tsaye, tana aiki kana cikin waf, tana aiki kana sanye da layar zana.

Mataki na farko: gyara matata

Sabon ɗan wasa kan danna sikana ya ga layi ɗari: watanni, duwatsu, tarkacen jirage, gine-gine. A cikin wannan tarin ne layi ɗaya mai kisa yake ɓuya. D-scan na tace sakamakonta da jerin da ka shirya a saitin Overview, don haka can za ka fara.

Buɗe saitin Overview, ka shiga wurin zaɓen nau'o'in abubuwa. Cire alamar komai da komai tukuna. Sannan ka sa alama a rukunin Ship gaba ɗayansa, kada ka bar ko nau'i ɗaya, domin wanda ka bari shi ne zai zo. A rukunin Charge ka zaɓi Scanner Probe da 'yan aiken da ke kafa kumfar hana waf. A rukunin Deployable ka zaɓi Mobile Warp Disruptor da Mobile Scan Inhibitor. Ka adana wannan jeri da suna mai sauƙi, misali "Hatsari". Ka koma tagar D-scan, ka zaɓe shi a matsayin matata.

Ka yi jeri na biyu mai faɗi, wanda ya ƙunshi duk na farkon, ya ƙara da tarkacen jirage, duron (ƙananan jirage marasa matuƙi da jirgi ke saki), da gine-ginen 'yan wasa irin su Astrahus, Athanor da Control Tower. Na farko na zaman aiki ne, na biyu na bincike idan ka shiga sabon wuri. Bayan kowane babban sabuntawar wasa ka sake leƙa jerin, saboda sabon nau'in jirgi ba ya shiga tsohon jerinka da kansa.

Abu ɗaya da matatar ba za ta iya ba: raba aboki da baƙo. Jirgin ɗan ƙungiyarku da na maƙiyi iri ɗaya suke fitowa. Ƙungiyoyi kan magance wannan da sa wata alama a gaban sunan kowane jirginsu. Dabara ce mai kyau, amma maharbi mai wayo na iya kwafar alamar, don haka kada ka ɗauke ta a matsayin katin shaida. Kai ma ka canza sunan jirginka tun a tasha. Sunan da wasa ke bai wa jirgi yana ɗauke da sunan mai shi, wato ka rataya wa maharbi allon da ke cewa wane ne a cikin jirgin haƙa Venture ɗin can.

Mataki na biyu: nisa da kusurwa

Sikanar na da ma'auni biyu. Nisa yana kaiwa AU 14.3 a ƙarshe. AU ɗaya shi ne tazarar da ke tsakanin Rana da Duniya, kimanin kilomita miliyan 150. Kana iya jan ma'aunin ko ka rubuta adadin da kake so da hannu. Kusurwa kuwa tana da matakai bakwai: digiri 5, 15, 30, 60, 90, 180 da 360. Maɓallin V ne ke yin sikanin, kuma akwai ɗan jinkiri na kusan sakan biyu kafin ta yarda ka sake.

Digiri 360 kamar maigadi ne ya kasa kunne cikin dare, duk motsin da ke kewaye zai ji amma bai san daga ina ba. Digiri 5 kuwa tocila ce, lungu ɗaya take haskawa. Tocilar tana bin inda kyamararka ke kallo ne, ba inda hancin jirgi ya dosa ba. Wannan ne ke ruɗa mutane da yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka riƙe V, ka danna abin da kake son haskawa a Overview ko a sarari, kyamara za ta juya can ta yi sikanin. Akwai kuma taswirar sistem a jikin tagar, wadda ke zana maka hasken tocilar ka ga abin da ya faɗa ciki.

Ka san iyakar tocilar. A ƙarshen AU 14.3, hasken digiri 5 ya riga ya buɗe fiye da AU ɗaya a faɗi. Duniyar da ka haska da duk watanninta da filayen duwatsunta suna ciki. Idan kana son sanin ainihin watan da jirgi yake, sai ka matsa kusa da duniyar ka sake haskawa ɗaya bayan ɗaya.

Layin nisa a sakamakon yakan zama fanko sai ga abin da ke fili ɗaya da kai, ko manyan abubuwan sama irin su duniyoyi. To yaya ake sanin nisan jirgi? Da rabawa biyu. Ka gan shi a 14.3, ka rage zuwa 7. Idan ya ɓace, yana tsakanin 7 da 14.3, sai ka gwada 10. Idan yana nan, ka gwada 3.5. Sikani huɗu ko biyar sun isa su ba ka tazarar da za ka kwatanta da jerin duniyoyi da ƙofofin tsallakawa wani sistem da ke Overview. Sau da yawa abu ɗaya ne kawai ke wannan nisan, ka same shi ba tare da ka taɓa kusurwa ba.

Mataki na uku: zaman aiki

Da ka shiga sistem ta ƙofa, wasa na ba ka ɓoyewa na sakan 60 muddin ba ka motsa ba. Kada ka yi gaggawa. Duba Overview, duba Local, danna V a 360 da cikakken nisa da jeri mai faɗi. Abin da ka gani a nan shi ne "yadda gari ya kwana". Ka riƙe shi a ka: jirgin haƙa Procurer biyu, Astrahus ɗaya, tarkace bakwai. Daga yanzu canji kake nema.

Ka isa wurin aiki, haƙar ma'adinai ne ko farautar 'yan fashin kwamfuta, wato jiragen maƙiya da wasan ke tuƙawa da kansa, ko buɗe akwatunan kufai, sai ka koma jerin "Hatsari", digiri 360, AU 14.3. Idan kai kaɗai ne a Local, sikani jefi-jefi ya wadatar, idonka ya fi zama a kan jerin sunaye. Da baƙon suna ya shigo, V duk bayan sakan biyar, ba fashi. Jiragen tare hanya irin su Stiletto, Malediction, Crow da Ares suna cin AU 8 a sakan ɗaya idan waf ya kankama, ƙananan jiragen yaƙi na yau da kullum kuma AU 5. Ko da an haɗa da lokacin tashi da na birki, tsakanin bayyanarsu a bakin sikana da saukarsu a kanka sakanni ne da ba su da yawa. Wanda ke danna V sau ɗaya a minti, ta'aziyya kawai yake yi wa kansa.

Akwai masu sauya nisa tsakanin 14.3 da 1. Amfaninsa a fili yake: na nesa na faɗa maka wa ke yawo, na kusa na faɗa maka wa ya nufo ka. A wuraren da sai an bi ta ƙofar cilla jirgi kafin a shiga, wannan dabarar ta fi ko'ina aiki, domin dole maharbi ya sauka a bakin ƙofar tukuna, ya danna ta, sannan ya shigo. Jirgi a cikin AU ɗaya a irin wannan wuri yana bakin ƙofarka ne. Amma a buɗaɗɗen fili, kada ka jira ya shigo AU ɗaya. Lokacin ya ƙure.

Wani zai yi tunanin sa manhaja ta riƙa danna masa V. Dokar wasan ta hana sarrafa maɓallai ta atomatik, ana rufe asusu a kan haka. Abin da ya halatta shi ne ka mayar da umarnin kan maɓallin gefen linzamin kwamfuta, inda babban yatsanka yake kwance dama.

Karanta abin da ya fito

Ba kowane jirgi ne abin gudu ba. Heron, Imicus, Magnate da Probe galibi masu neman kufai ne kamarka. Venture da Retriever mahaƙa ne. Amma Astero, ko da ya yi kama da ɗan bincike, shi ne ya fi cin masu bincike, domin yana sa layar zana yana kuma ɗauke da duron na yaƙi. Yayansa Stratios haka. Loki, Tengu, Proteus da Legion, idan ka ga ɗayansu ya bayyana sau ɗaya ya ɓace, bai tafi ba, laya ya sa. Sabre, Flycatcher, Eris da Heretic masu kafa kumfa ne, a wuraren da babu doka ganin ɗayansu na nufin ana shirin rufe hanya.

'Yan aike iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne bambancin maƙwabci da ɓarawo. Core Scanner Probe na neman kufai ne da ramuka, wato ɓoyayyun hanyoyin da ke ɓullawa wani sistem, ba ya iya gano jirgi. Combat Scanner Probe kuwa jirgi yake nema. Dukansu akwai samfurin da sunansa ya fara da Sisters, wanda ya fi ƙarfi. Ka karanta kalmar tsakiya da kyau, domin a cikin gaggawa Core da Combat kama suke yi. Idan ka ga Combat, rage nisa zuwa AU 2 ko ƙasa. In har yanzu suna nan, musamman in sun kai shida zuwa takwas, kai ake nema kuma an kusa gamawa. Gwanin maharbi ba ya barin su a idonka. Yakan ajiye su can bayan AU 14.3, ya gano wurinka da tasa D-scan, sannan ya jefo su kanka sau ɗaya ya janye. Sakanni kaɗan za su yi a sikanarka. Idan a wannan taƙin ka tafi ɗebo ruwa, ba za ka taɓa sanin sun zo ba.

Core ma ba a raina shi gaba ɗaya. Idan kana cikin kufai, mai Core ba jirginka zai gano ba, kufan zai gano, kai kuma kana ciki.

A wuraren da ke fitowa kore a tagar 'yan aike, da filayen duwatsu na yau da kullum, babu wanda ke buƙatar ɗan aike kafin ya same ka. Kowa na iya danna wurin ya taho. Maharbi zai haska su ɗaya bayan ɗaya da digiri 5, ya ga wanda ke da jirgi da tarkace, ya sauko. A nan rashin ganin 'yan aike ba ya nufin komai.

Jirgi a sikana kuma ba lallai da mutum a ciki ba. Akan bar jirage fanko a cikin garkuwar Control Tower. Wanda ke jingine da Astrahus ma yana fitowa, alhali mai shi na iya yin barci. Ka haska ginin da digiri 5. In jirgin na can, ka san mazauninsa. Ranar da ka haska ba ka gan shi can ba amma yana nan a 360, ya taso.

Abin da sikana ba ta gani

Yi lissafi kullum: mutum biyar a Local, jirgi biyu a sikana. Ina ukun? Ko suna cikin tasha, ko sun fi AU 14.3 nisa, ko suna sanye da laya, ko suna cikin jirgin da sikana ba ta kamawa. Na ƙarshen su huɗu ne, Curse, Rook, Huginn da Lachesis. Waɗannan galibi ba sa fitowa a D-scan ko da ba su ɓuya ba, sai dai 'yan aiken Combat su gano su. Lachesis kuma dabaibayinsa na kaiwa nesa.

Masu laya na musamman suna shiga waf a ɓoye, su zo su tsaya kusa da kai ba ka sani ba. Laya na warwarewa idan jirgi ya zo cikin mita 2,000 da wani abu, don haka sukan tsaya nesa kaɗan su jira. Yawancinsu na da ɗan jinkiri bayan cire laya kafin su iya kama ka a saiti, wato su kulle ka a matsayin abin harbi, amma masu jefa bam, wato Purifier, Manticore, Nemesis da Hound, ba su da wannan jinkirin. Lokacin da za ka iya kama mai laya a sikana shi ne ɗan taƙin da ya bar ɓoyewar ƙofa kafin ya kunna tasa. Wannan ne dalilin danna V da zarar sabon suna ya faɗo Local.

Sai Mobile Scan Inhibitor, wanda ke rufe duk abin da ke cikin kilomita 30 kewaye da shi. Shi kansa yana fitowa a sikana, abin da ke ƙarƙashinsa ne ba ya fitowa. Ka ɗauka rundunar mutane ce a ciki har sai an tabbatar maka da akasin haka.

Kowane sistem na da makin tsaro, mafi girma shi ne 1.0. A yankunan da tsaronsu ya gaza 0.5, mutum ɗaya a Local na iya zama ƙofar mutum talatin. Wasu jiragen laya na kunna fitilar da ake kira cyno, abokansu su diro daga wani sistem kai tsaye. Sikana ba za ta nuna su ba sai sun sauka. Ka kwafi sunan baƙon ka duba tarihinsa a zKillboard, shafin intanet da ke adana bayanin jiragen da aka fasa. Idan kashe-kashensa duk na taron dangi ne da manyan jiragen Black Ops irin su Redeemer, Sin, Widow ko Panther, ka tattara ka shiga tasha, ko da bai nuna maka komai ba.

Mataki na huɗu: saita hanci

Duk bayanin da ke sama banza ne idan jirgi ba zai iya tashi da wuri ba. Jirgi na shiga waf ne idan ya cika sharuɗɗa biyu: yana fuskantar inda za shi, kuma gudunsa ya kai kashi 75 cikin ɗari na iyakar gudunsa. Jirgin da ke tsaye, ko da a ido hancinsa na kallon tasha, bai saitu ba, daga sifili zai fara. Don haka kana aiki kana tafiya: ka zaɓi tasha ko maɓoya, ka danna A, jirgi ya kama hanya. Da abu ya bayyana, S kawai za ka danna ya wuce nan take.

Matsalar mahaƙi ita ce tafiyar na fitar da shi daga inda na'urar haƙarsa ke kaiwa. Maganinta wurare biyu da ka adana, ɗaya a kowane ɓangaren filin, kana kaiwa da komowa tsakaninsu. Wasu kan ɗaura Higgs Anchor, wanda ke rage gudun jirgi ƙwarai har ya daɗe a saite bai bar dutsen ba. Ka kula da duwatsu a gabanka, karo da ɗaya na karkatar da hanci a daidai lokacin da ba ka so. Ka kashe Microwarpdrive, na'urar ƙara gudu, domin yana ɗaga iyakar gudun da za ka cika kashi 75 nata, yana kuma kumbura girman jirginka a idon 'yan aike da masu saiti.

Duron fa? Shift da R na kiran su gida. In suna kusa, to. In suna nesa, bar su. Kuɗin duron biyar bai kai na jirgi ba, kuma jiran su ya kashe jirage fiye da yadda ake zato.

Dabaibayin nesa, Warp Disruptor samfuri na biyu, na kamawa daga kilomita 24, na kusa, Warp Scrambler samfuri na biyu, daga kilomita 9, shi kuma yana kashe Microwarpdrive. Venture na da kariyar maki biyu a jikinsa, dabaibayi ɗaya na nesa ba ya riƙe shi. Masu farautarsa sun san haka, da shirinsu suke zuwa.

Ina za ka gudu? Kada ka nufi Rana ko duniya a nisan sifili, nan ake fara nema, kuma maharbi na ganin inda hancinka ya dosa. Ka tanadi maɓoya tun da wuri: kana tsakiyar waf tsakanin abubuwa biyu, ka danna Ctrl da B ka adana wurin. Mafi kyau, daga wannan maɓoyar ka yi waf zuwa wani abu na uku ka sake adanawa a hanya, sai ka samu wurin da ba ya kan layin kowa. A maɓoya ma ba a zama idan akwai Combat a sikana, sai dai kana da laya. Ka riƙa sauya wuri tsakanin maɓoya biyu ko uku. Idan kai ma ka harbi wani ɗan wasa ko ka ɗaure shi, akwai sakan 60 da tasha da ƙofa ba za su karɓe ka ba.

Leƙa ƙofa kafin ka je

Waf ba ya tsayuwa a tsakiya. In ka danna, sai ka isa. Don haka a wurin da babu doka, kada ka tafi ƙofa kai tsaye daga wata ƙofar. Nemi duniya ko wata da ke cikin AU 14.3 da ƙofar, ka je can a nisan kilomita 70 ko 100, ka riƙe V ka danna ƙofar da digiri 5 da jeri mai faɗi. Sabre, Mobile Warp Disruptor, tarkace da Capsule alamun kwanton ɓauna ne. Kumfa na jawo jirgin da layin tafiyarsa ya bi ta kanta, shi ya sa masu tarko ke kafa ta a kan layin ƙofa zuwa ƙofa. Zuwa daga wata kusurwa kan kuɓutar da kai daga wadda aka kafa a gefe, amma ba daga wadda aka ɗora a kan ƙofar kanta ba.

A yankin 0.1 zuwa 0.4 ba a kafa kumfa. Can abin tsoro shi ne masu saurin saiti da manyan jirage masu fashewar da ke cin duk ƙaramin jirgin da ya sauka. Tama, Rancer da Ahbazon sun yi suna a wannan. Taswirar wasa na nuna adadin jiragen da aka fasa a kowane sistem cikin awa ɗaya da ta wuce, shafin intanet na Dotlan ma na nuna irin wannan. Duba ta kafin ka fita daga tasha.

Cikin rami

Sistem ɗin ramuka, waɗanda aka ƙara a wasan a 2009, Local ɗinsu ba ya nuna kowa sai wanda ya yi magana. A nan D-scan ce kaɗai idonka, V ba ya hutawa, kuma kai ma kada ka ce uffan a Local. Da ka shiga, ka adana ramin da ka fito. Sannan ka lura da jerin jajayen alamu a tagar 'yan aike, kowacce da lambarta ta haruffa uku da alƙaluma uku. Ka gano su duka, ko aƙalla ka sa wasa ya yi watsi da waɗanda ka tarar, yadda sabuwa za ta fito ita kaɗai. Sabuwar alama na iya zama rami mai suna K162, wato wani ya buɗo hanya daga can ɓangaren zuwa wurinka, kuma yana gab da shigowa ko ya shigo. Ka bar sauti a kunne, rami na yin ƙara idan jirgi ya ratsa shi kana kusa.

Yankin tsaro da masu leƙen kaya

A 0.5 zuwa 1.0 'yan sandan CONCORD na hukunta mai laifi ne bayan ya yi, kuma sun fi jinkiri a 0.5. Masu kisa sun yi lissafinsu: jirage masu araha da za su gama da kai kafin hukunci ya iso. Tarin Catalyst a sikana, biyar ko goma a lokaci guda, shi ne alamar. Uedama, a kan hanyar Jita, babbar kasuwar wasan, ta shahara da wannan. Duk wanda ka tabbatar ɗan wannan sana'a ne, ka sa masa jar alama a jerin abokan hulɗa don ya yi fice a Local.

A nan ne kuma ake amfani da wasu sikanoni biyu da ake ɗaurawa a gurbin tsakiya. Cargo Scanner na leƙa kayan da ka ɗauko, Ship Scanner na nuna na'urorin da ke jikin jirginka, ko da yake ba ya kawo su duka a sikani ɗaya, sai an maimaita. Dukansu sai an kama jirgi a saiti, kuma ba laifi ba ne a idon CONCORD. Idan ka fito daga tashar Jita 4-4 ka ga wani ya kewayu da rawayan akwati a Overview, ya saita ka, mai yiwuwa yana ƙirga dukiyarka ya aika wa na gaba. Wasu na amfani da Passive Targeter, ba za ka ga akwatin ba ma. Kada kayan cikin jirgi su fi ƙarfin sulkensa nesa ba kusa ba. Raba su sawu biyu. Kai ma kana iya ɗaura Ship Scanner ka duba wanda ke tsokanar ka da faɗa: jirgin haƙa mai ɗauke da dabaibayi tarko ne.

Wuta da netwok

Ga mai wasa daga Kaduna, ko a Kawo yake ko Barnawa ko Tudun Wada, akwai maharbin da ba ya fitowa a kowace sikana. Sabar wasan na lissafi ne sau ɗaya a sakan, don haka ɗan jinkirin intanet ba ya cutarwa kamar a wasannin harbi. Yankewa ce matsala. Idan layinka ya katse, jirgi zai yi ƙoƙarin waf na gaggawa zuwa kilomita miliyan ɗaya, sannan ya ɓace bayan ɗan lokaci. Amma in ka yi faɗa da 'yan fashin kwamfuta, zai zauna a sarari minti 5. In da ɗan wasa ne, minti 15, kuma 'yan aiken Combat na iya gano shi a wannan lokacin. In an riga an ɗaure shi, ba ya zuwa ko'ina.

Laftof mai batir ta fi kwamfutar tebur a nan, amma mutane kan manta da rawuta. Ɗauke wuta na sakan uku kafin a tayar da janareta ya isa ta mutu ta sake tashi, kai kuma ka fita daga wasa. Ka haɗa ta da fawa banki ko inbata. In da wayarka kake raba data, kira na iya tsinke layin, ka sa wata wayar daban ko ka toshe kira. Hadari ya haɗo a damina, kada ka shiga rami da jirgi mai tsada.

Agogon wasan na bayan na Kaduna da awa ɗaya. Ana rufe sabar kullum da 11:00 a agogonta, wato 12:00 na rana a nan. Daga bayan magariba zuwa wajen 11 na dare kuma lokacin 'yan Turai ne, maharba sun fi yawa. Idan an kira salla ko an aike ka, shiga tasha. In babu tasha, je maɓoya ka yi amfani da fita mai aminci, wadda ke ƙirga sakan 30 kana kallon sikana kafin jirgin ya ɓace. Ba ta yarda idan na'urorinka na kunne, ko duron na waje, ko ɗaya daga cikin waɗancan lokutan faɗa bai ƙare ba.

Atisaye

Ku samu abokin wasa, ku ɗauki jirage masu araha, ku je sistem mai tsaro wanda ba cunkoso. Shi ya je ya tsaya a wata duniya ko filin duwatsu bai faɗa maka ba. Kai ka tsaya kusa da Rana, ka fara da 360, ka raba nisa biyu-biyu, ka sauko 180, 90, 30, har 5, sannan ka je ka same shi. Ku riƙe agogo. Idan ka fara samun sa cikin minti ɗaya, ku juya: kai ka zauna a filin duwatsu a saite kana danna V, shi ya shigo daga sistem na kusa da Warp Disruptor a jirginsa, bayan kun amince da gwajin faɗa ta hanyar Duel don kada CONCORD ta shiga tsakani. Ku ƙirga sau nawa cikin goma ya kama ka, sannan ku sake gwadawa jirginka na tsaye cik, ku kwatanta adadin.